Baƙo Ba Ya Dasa Tsamiya

Duk wanda ya shigo Gadarif a watan Satumba zai rantse babu ƙasar da Allah ya yi wa albarkar tsiro kamarta. Tun daga Fau har ka iso gari, dama da hagu dawa ce da riɗi iya ganinka, kore shar. To, ya dawo a watan Afrilu ya gani. Ƙasar nan ta koma baƙa ƙirin, ta dare gida-gida, tsagar da za ka zura hannunka har gwiwa, kuma sai ka yi tafiya mai nisa a mota ba ka ga itacen da jaki zai fake ba. Garin da ake yi wa kirari da rumbun Sudan, mai katafaren rumbun simintin nan da Tarayyar Sobiyet ta gina a shekarun 1960, wanda ake hangowa tun kafin a hango gidaje, shi ne garin da inuwa ta fi hatsi wuyar samu.

A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Gidanmu yana cikin ɗaya daga tsofaffin unguwannin da Hausawa suka yi yawa. Fili ne mai faɗi, da ɗakuna biyu na bulo, da rumfa, da guɗɗiyya uku, wato bukkar ciyawa mai tsinin kai da aka san Gadarif da ita. Abin da bai taɓa kasancewa a cikinsa ba, tun ranar da aka kewaye shi da zana har zuwa daminar bana, shi ne itace. Ko ɗaya. Maƙwabtanmu na gabas suna da dogon yaro biyu, na yamma suna da kurna, mu kuwa sai dai mu ci arzikin inuwar da ta tsallako katanga.

Ba ƙarancin ruwa kaɗai ne ya jawo haka ba. Kakanmu ne ya hana. Ya baro wani ƙauye a ƙasar Haɗeja cikin shekarun 1940, a ƙasa, da niyyar aikin hajji, ya bi hanyar da dubban mutane suka bi kafin shi: Maiduguri, Fort Lamy da yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Jinena, Fashir, Ubayyid. Guzuri ya ƙare, ya tsinci auduga a Jazira, sannan ya ji labarin ana neman masu yankan riɗi a Gadarif. Ya tara kuɗin jirgin ruwa, ya tsallaka daga Sawakin, ya sauke farali, ya dawo. Da ya dawo sai ya ce zai ɗan huta ya tara na komawa gida. Hutun nan ya ɗauki shekara arba'in da 'yan kai. Har ya rasu akwai wata adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, ɗaure da igiya, in kuwa aka tambaye shi yaushe zai yi gini, amsarsa ɗaya ce: "Ai mu kan hanya muke." Yakan shuka kuɓewa da rama da yakuwa a bayan ɗaki, duk abin da za a cinye kafin kaka ta wuce. Inna ta ce ranar da aka kawo ta amarya ta zo da ɗan dashen lalle a gwangwani, da kansa ya ce ta kai wa maƙwabta. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi baƙo raɓa ne, raɓa kuwa ba ta dasa itace.

Ba shi kaɗai ke da wannan hali ba. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yo gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar, Hausawa da Fulani ba su daina shigowa ba. Waɗansu sun zauna zama na gaske, suka kafa ƙauyuka a bakin kogin Rahad da na Dindir, suka yi lambuna, suka kama su. Waɗansu kuma, irin kakana, suka zauna da ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Mu jikoki mun gaji duka biyun. Muna da takardar ɗan ƙasa, Larabcinmu ya fi Hausarmu gudu, amma a watan Yulin 2022, da rikici ya ɓarke a jihar Nil Azraƙ, wadda rediyo ke kira Blue Nile, kan ko Bahaushe yana da haƙƙin sarauta da ƙasa, aka kashe mutum fiye da 100, aka raba dubbai da gidajensu, babu gidan Bahaushe a Gadarif da ba a sake tayar da zancen adakar nan ba.

Sai ga yaƙin 15 ga Afrilun 2023. A watan Disamba na shekarar, da Madani ta faɗi, ƙanwar mahaifina ta iso mana da 'ya'yanta mata da jikoki, kowa da ƙunshi ɗaya. Muka zama mu 19 a gidan da a da mutum shida ke kwana. Makarantar da nake koyarwa ita ma ta cika da 'yan gudun hijira har cikin ofishin shugaba. Bazarar farko da muka yi tare ba zan manta da ita ba. Zafi ya haura 40, rumfa ɗaya ce, manya sun mamaye ta, yara kuma suna bin inuwar katanga kamar 'yan tsaki, in ta matsa su matsa, da tsakar rana in ta ƙare su tsaya cirko-cirko. Gwaggo kuwa, duk abin da ta baro a Madani, da firiji da gadaje da keken ɗinki, ba ta cika ambatonsu ba. Zancenta kullum lemun tsamin da ke bakin randunanta, wanda ta dasa shekarar da ta haifi ɗanta na fari. A Janairun 2025 da sojoji suka karɓe garin, ɗan nata ya je ya dubo, ya dawo da hotuna a waya. An ɓalle ƙofofi an tafi da su. Ta wuce wannan hoton ba ta ce komai ba. Da ta zo kan na lemun, ya bushe ƙayau, sai ta miƙa masa wayarsa ta shige ɗaki.

Yayana direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Gadarif da Bur Sudan. Shi lissafinsa a fili yake, kuma ban ce ba shi da hujja ba. Cikowar mutane ta sa gidaje sun yi tsadar da ba su taɓa yi ba. Ya ce a sayar yanzu tun kasuwa na ci, a kwashe Inna a koma Kano, ga dangin Haɗeja da ya lalubo ta WhatsApp suna ta cewa a zo. Ya ce ƙasar da kowace shekara goma sai an tambaye ka daga ina kakanka ya zo, ba ƙasar da za ka binne kuɗinka ba ce. Inna ba ta musu da shi. Tun rasuwar Baba shi ne babba, kuma ita ba mai ja-in-ja da ɗa a gaban ƙannensa ba ce. Sai wata safiya a ƙarshen watan Yuni, an yi ruwa biyu, muna shan shayi, ta kwance bakin mayafinta ta ajiye mini kuɗi a kan tabarma, ta ce, "Auta, in ka gama je ka mashtal ka sayo mini mangwaro biyu. Ka haɗo wa gwaggonka da lemun tsami, jibi-jibin nan za ta koma." Yaya yana zaune. Ya kurɓi shayinsa, bai ɗago ba.

Mashtal shi ne abin da a Kano za a ce wurin masu sayar da fulawa da dashen itatuwa, irin waɗanda ke jere a bakin titi a unguwannin masu hali. Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, tana da nata, inda aka fi renon itatuwan daji. Mai neman na marmari kuwa sai ya nufi na 'yan kasuwa. Wanda na je yana kusa da Kor Abu Farga, rafin da ya ratsa gari, wanda ke bushe wata takwas sannan ya tashi da hauka in damina ta kankama. Na hau raksha, a daidaita sahunmu ke nan, ta sauke ni inda kwalta ta ƙare, sauran na taka a cikin laka mai kama takalmi kamar danƙo.

Na yi zaton kore zan fara gani. Tsibi-tsibin ƙasa na fara gani. Rabin filin ba tsiro ba ne, kayan da tsiro ke bukata ne kafin ya yarda ya rayu a garinmu. Ga tsibin girera, wato lallausar ƙasar da kogi ke bari a gaɓarsa in ya janye, wadda ake ɗaukowa a mota daga bakin Atbara ko Rahad. Ga yashi. Ga marog, takin dabbobi da ya shekara ya ruɓe har ya daina wari. Can gefe baƙin dutsen da ake fasowa a duwatsun gari, da tsakuwa, da jan bulo, da gora, da zana a naɗe, da randuna da tuluna a kife. Wani yaro yana cika buhuna da shebur, wani yana turawa a baro. A garin da ƙasarsa ke ciyar da jama'a har bayan iyaka, ga mutane a layi suna sayen ƙasa da buhu, kamar masu awon gero.

Sai ka wuce waɗannan za ka shiga ƙarƙashin raga, inda iska ke sauyawa nan take, ta yi sanyi, ta ɗauki ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dubban baƙaƙen ledoji a jere, sahu-sahu, kowace da ɗan tsironta. A nan na ga dangin da muka san su da suna biyu, ɗaya na gida ɗaya na kasuwa. Tsamiya a nan aradeb ce. Kuka tabaldi, aduwa hijlij, kurna sidir, gawo haraz, bagaruwa sunut, daƙwara hashab, dushe kuwa ɗalha. Duk itacen da Kaka ke lissafa mana a labaran Haɗeja, kamar wata dukiya da ya baro, ga shi nan a leda, tsawon ɗan yatsa. Hanyar da ya bi wata da watanni a ƙasa, ashe su sun riga shi isowa.

Mai wurin tsoho ne siriri, da farar jallabiya da ta koma ruwan ƙasa daga gwiwa zuwa ƙasa. Na yi masa sallama da Larabci, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Hausa, "Ɗan gidan wa?" Hausarsa irin ta mutanen da ce, da ɗan gardin Sakkwatanci. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Hawata a bakin Rahad, a lambu ya buɗe ido. Da na faɗi unguwarmu da sunan Kaka, ya ce ya san shi, mai adaka. Ya sa aka kawo jabana, kofin gahawa da citta, ya nuna mini wani kifaffen bokiti na zauna. Daga nan ciniki ya tsaya, tuhuma ta fara.

"Gidan naku ne, ko haya?"

"Namu ne, Baba. Akwai takarda."

"Famfo na zuwa, ko karo kuke saye?"

"Yakan zo. Amma karo muka fi dogara da shi."

"Akwai awaki?"

"Uku."

"Wa ke wuni gida?"

"Inna."

"To, ɗana, ba ni sayar maka da mangwaro."

Na yi dariya, na zaci salon ciniki ne. Ga mangwaron a gabana, masu aure, ganyensu ja-ja sabon tohowa, kuma su ne mafi tsada a wurin. Ya ce in tashi. Ya kai ni bakin shinge inda ƙasar asali take, ya sa sandarsa a wata tsaga da ruwan farko bai gama rufewa ba, sandar ta shige fiye da rabi. Ya ce wannan ƙasa da rani buɗe baki take yi, in ta buɗe sai ta tsinke saiwar duk abin da ke cikinta, iska mai zafi ta shiga ta gasa sauran. Da damina kuma ta kumbura ta rufe ruf, ruwa ya kwanta, saiwa ta rasa numfashi ta ruɓe. Dawa da riɗi ba ruwansu, wata uku zuwa huɗu sun gama sun tafi. Icce kuwa sai ya ga rani ya ga damina, shekara bayan shekara. Mutanen Borno sun san irinta, ita ce firgi ta wajen tafkin Chadi. Ita ce ma ke tsaga mana bangon bulo, shi ya sa har gobe mai kuɗi a Gadarif yakan gina soro ya kuma bar guɗɗiyya a tsakar gida, don ita in ƙasa ta motsa sai ta motsa tare da ita.

"Mangwaro ɗiyar bakin ruwa ce," in ji shi. "Kai ta Kasala, kai ta Rahad, ta yi maka abin da kake so. In ka kai ta gidanku, da kuɗinka za ka kashe ta, kuma sai ta sha muku ruwan wata takwas kafin ta mutu."

A nan ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ruwan sama da Gadarif ke samu bai gaza ba, yakan kai kusan milimita 600 a shekara, sai dai duk a wata huɗu yake zuba. Garin kuma a kan dutse yake zaune, ba ko'ina ake haƙa rijiya a samu ba. Ruwan famfonmu daga Shuwak ake turo shi, bakin kogin Atbara, tafiyar kusan kilomita 70, a haɗa da rijiyoyin Azaza da Abu Naja da ɗan dam ɗin Saraf. Bai taɓa isa ba, balle yanzu da gari ya cika ya batse. Tun da aka buɗe babban dam na Atbara da Setit a 2017 ake zancen bututun da zai kashe ƙishin garin gaba ɗaya, har yara sun haddace sunan aikin. Kafin nan dai, jaki ne da karo da barmil, wato amalanke da ganga. Kuɗin dashen mangwaro ɗaya bai kai na ruwan da gidanmu ke sha a kwana biyu ba. Tsohon ya san haka, shi ya sa bai fara da farashi ba.

Muna cikin haka wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo har cikin fili. Mai ita babban manomi ne, irin masu mashru, gonar tarakta. Ko fitowa bai yi ba, ya sauke gilashi yana nuni da carbi. A loda masa jahannamiyya, furen nan mai ja da ke hawa katanga, guda talatin. A loda damas na shinge. A yanko masa najila, ciyawar shimfiɗa, ta isa gaban sabon gidansa. Ba a tambaye shi ko famfo na zuwa ba, kowa ya san tankar ruwa ke kai masa.

Ban ƙi mutumin ba, ban ma san shi ba, amma na kasa hana kaina lissafi. An fara noman tarakta a Gadambaliya, yamma da gari, a tsakiyar shekarun 1940, lokacin da Turawan Ingila ke neman abin ciyar da sojojinsu. A 1968 aka kafa hukuma ta musamman don wannan noma, aka riƙa yanka daji ana rabawa, mashru ɗaya faddan 1,000, faddan kuwa ya ɗan ɗara eka. Tarakta ba ta son kututture, don haka duk abin da ke tsaye sai an tumɓuke shi. Dajin dushe da daƙwara da tsofaffi ke cewa mutum kan ɓata a ciki, ya zama gawayi ya tafi Khartum a buhu. Dushen nan shi ne itacen da mata ke turara jiki da shi, dukkan ɗin da amaren Kano da Maiduguri suka sani tare da dilka. Daƙwara kuwa ita ke ba da ƙaron da Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa a duniya. Doka ta ce duk mai gonar damina ya bar kashi 10 cikin 100 na filinsa da itatuwa, mai noman ban ruwa kashi 5. Wanda ya bi hanyar Doka ko ta Hawata da rani ya ƙirga da idonsa. In ka cire irin dajin Rawashda da ke kan hanyar Kasala, wanda gwamnati ta killace, sauran sarari ne fetal. Kashi 10 na mashru ɗaya faddan 100 ne. Mutumin nan ya sayi fure talatin.

Da motar ta fita na faɗa wa tsohon abin da ke raina. Ya ce, "Shi ke biyan kuɗin ruwan da nike ba tsamiya." Ya nuna mini sahun itatuwan daji, waɗanda kusan ba mai saye, sun yi shekara biyu a leda har saiwarsu ta fasa ta kama ƙasa. Ban ƙara magana ba.

Na ce to mene ne zan kai wa Inna, tunda ita mangwaro ta ce. Ya tambaye ni shekarunta. Na faɗa. Ya tambayi ko a gidan akwai mai zancen tashi. Ban san yadda aka yi ya gane ba, wataƙila don ba ni ne na farko da ya zo masa da irin wannan saƙo ba tun da aka fara yaƙi. Na ce akwai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tsohuwa ba mangwaro take so ba. Abin da ba a ɗauka a sa a mota take so."

Ya zaɓo mini uku da hannunsa. Dogon yaro ɗaya, don yara, saboda shi ne mai saurin inuwa, shekara uku ya wuce kan mutum. Shi ma baƙo ne, daga Indiya Turawa suka kawo shi Sudan a farkon ƙarni na 20, a Borno kuwa a 1928 aka fara dasa shi, yau ga shi babu wanda ke tambayarsa takarda. Amma ya gargaɗe ni in nisanta shi da bango da kuma masai. Ya ce kada in kuskura wani ya ba ni miskit kyauta in karɓa. Shi ma shigo da shi aka yi, a 1917, don ya tare hamada, ya zo ya cinye gonaki da magudanan ruwa a gabashin ƙasar har gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi a 1995, kuma har yau bai kawu ba. Na biyu zogale, don miya da kwaɗo, wanda kafin shekara ta zagayo za a fara tsinka. Na uku ya daɗe yana dubawa kafin ya ɗauko. Tsamiya ce, ba ta fi tsawon tafin hannu biyu ba, da 'yan ganyayyakinta ƙanana. Ya ce wannan ba ta sauri. Sai ta yi shekaru tana aikin ƙarƙashin ƙasa kafin a ga wani abu a sama, 'ya'yanta kuwa sai dai jikoki su yi kunu da su. Amma in ta kama, fari bai kashe ta, tsagewar ƙasa ba ta kashe ta, wanda ya dasa ta da wanda ya gaje shi duk za ta binne su.

Sannan ya koya mini rami, kuma a nan na gane abin da ya sa ake sayar da ƙasa. A haƙa shi kamu biyu faɗi, kamu biyu zurfi. Baƙar lakar da aka fitar a zubar da rabinta. A cuɗa sauran da girera da yashi da marog, yashin don kada ta sake tsagewa, gireran don saiwa ta sami inda za ta bi. A yanke ledar da reza, kada a fizge. Kada a binne wuyan tsiron. A tara ƙasar ta ɗan yi tudu don ruwan Agusta kada ya kwanta a gindi. A barbaɗa toka saboda gara. A gefe kuma a binne tulu har wuya, irin wanda bai ƙonu sosai ba, mai tsatsafo, a rufe bakinsa da fasasshen kasko. In rani ya yi, tulun za a riƙa cikawa, shi kuma ya riƙa ba saiwar kaɗan-kaɗan, rana ba ta sha ba. "Sauran," in ji shi, "ka gaya wa mutanen gidanku kowa ya yi alwala a gindinta. Mutum goma sha, sau biyar a yini. Ka lissafa buta nawa ke nan kuke zubarwa a banza." Game da awaki kuwa ya ce ƙaya ce kawai maganinsu, kuma in sa ta tun kafin in dasa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Lemun Gwaggo bai yi mini gardama a kansa ba. Ya ce Madani bakin Nilu ce, ƙasarta da ruwanta sun san lemu. Ya zaɓi wanda bai yi tsawo ba don ya jure mota, ya naɗe ledar da jiƙaƙƙen buhu, ya ce a gaya mata ta riƙe shi a cinya, kada ta bari yaran mota su jefa shi sama da kaya. Ya ce tun watan Fabrairu mutanen Jazira da Khartum ke zuwa masa, mai lemu, mai gwaiba, mai lalle, kowa zai koma gidan da babu ƙofa amma da dashe a hannu.

Kuɗin ƙasa da taki da tuluna ya ninka na itatuwan. Abin da Inna ta ba ni bai isa ba, na cika da nawa ta Bankak, a wayar jikansa, don shi tsohon ya ce bai yarda da kuɗin da ba a jin nauyinsu ba. Mun gama lodi a karo, jaki ya ɗaga, sai ya ƙwala wa mai karon kira ya tsaya. Ya koma ƙarƙashin raga ya fito da ɗan gwangwanin madara, da tsiro a ciki. Ya ce gyara ce, a kai wa tsohuwa. Lalle ne. Ban ba shi labarin ranar da aka kawo ta amarya ba.

Inna ta duba kayan ɗaya bayan ɗaya. Na fara bayanin mangwaro, ta ɗaga mini hannu, ta ce, "Wa ya zaɓi tsamiyar?" Na ce mai mashtal. Ta ce, "Ya san aikinsa." Lallen kuwa ta ɗauka ta shiga da shi ɗaki, sai washegari na gan shi a bayan randa, ta riga ta dasa da kanta.

Kwana biyu muna haƙa, ni da jikokin Gwaggo, da diga aro. Yaya ya dawo daga tafiya ya tarar da ramuka uku a tsakar gida. Ya zagaya su, hannu a baya. Ya ce ramuka za su rage wa gida daraja a idon mai saye. Ya tsaya a kan na dogon yaro, ya auna da taku zuwa bangon ɗakin Inna, ya ce wannan ya yi kusa, nan da shekara goma saiwarsa za ta fasa ginin, a matsar da shi taku uku. Muka cike muka sake haƙawa inda ya nuna.

Gwaggo ta tafi ranar Talata, da lemunta a cinya. Zogalen akuya ta sami kafa ta cinye kansa a sati na biyu, ya sake tohowa da rassa biyu. Dogon yaro ya kai ƙugu. Tsamiya tana nan kusan yadda aka kawo ta, sai ganye shida da ta ƙara, Inna ce ke ƙirgawa. Dillali ya zo ganin gida sau biyu, kuma Yaya bai janye maganarsa ba, ko jiya ya sake tayar da ita bayan sallar isha. A makon da ya wuce ne dai, da ya biyo ta Shuwak, ya sauke buhu biyu na girera a ƙofar gida. Na tambaye shi nawa ya saya. Ya ce ba saye ya yi ba, wani ne ya ba shi, kuma in kwashe su daga hanya kafin yara su watsar.